Wat nawa zai ishe ni? Yadda ake zaɓen fawa saflai na kwamfutar gem

Wajen haɗa kwamfutar gem, yawancin mutane kan zuba kuɗinsu a kan katin girafik da furosesa, sai ɗan canjin da ya rage a sayi fawa saflai da shi. Ba abin mamaki ba ne, tunda ba ya ƙara wa wasa sauri ko kyawun hoto. Amma shi kaɗai ne a cikin akwatin da wutarsa ke isa ga kowane ɓangare, kuma in ya yi mummunar lalacewa yana iya tafiya da katin da aka yi wata da watanni ana tara kuɗinsa.

Aikinsa dai juya wuta ne. Wutar da ke soket ɗinmu a Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce, kuma tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa. Kayan cikin kwamfuta kuwa miƙaƙƙiyar wuta suke so irin ta batir, a matakai uku: bolt 12, bolt 5 da bolt 3.3. Ƙa'idar ATX, wadda kamfanin Intel ya fitar a 1995, ta daɗe tana bai wa waɗannan layuka rangwamen kashi 5 cikin ɗari kacal, wato layin bolt 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6 ko da kwamfuta na hutawa ko tana tsakiyar aiki. Riƙe wannan daidaiton a lokacin da nauyi ke hawa da sauka shi ne ainihin abin da kake biya.

To, wat nawa ake buƙata? Bari mu ɗauki kwamfuta matsakaiciya mai furosesa Ryzen 5 7600 da katin RTX 4070. A kwalin furosesar an rubuta wat 65, amma in aiki ya yi zafi AMD ta ba ta damar jan har 88. Katin yana jan 200. Madabod da RAM da SSD da fankoki, a ba su 60 gaba ɗaya. Jimilla wajen wat 350 ke nan. Duk da haka Nvidia ta ce a sa wa wannan katin fawa saflai mai wat 650. Wani zai ce ai dabarar 'yan kasuwa ce kawai. Akwai dalilai biyu na gaske a bayan wannan tazarar.

Na farko, kamfanin bai san irin fawa saflai ɗin da za ka saya ba, kuma lambar da ke kwali ba ta faɗin komai. Juya shi ka duba sitikar da ke gefensa, akwai ɗan jadawali. Nemi inda aka rubuta +12V, ka ga amfiya nawa ke ƙarƙashinsa, sannan ka ninka da 12, domin wat shi ne bolt sau amfiya. A kwamfutar zamani, furosesa da katin girafik duk daga wannan layin suke sha. Mai kyau na wat 650 za ka ga ya rubuta amfiya 54, wato wat 648, kusan duk ƙarfinsa ke nan a inda ake buƙata. A ce kuma ga wani mai arha, shi ma 650 ɓaro-ɓaro a kwali, amma layinsa na bolt 12 amfiya 30 ne. Wat 360 ke nan. An cike sauran lissafin da layukan bolt 5 da 3.3 waɗanda ba wani abin kirki ake ja daga gare su ba yanzu, ko kuma an rubuta ƙarfin da yake iya kaiwa na ɗan ƙiftawar ido kawai. Kwamfutarmu ta misali za ta riƙa tafiya da shi a bakin gaɓa kullum. Ni dai in sitika ba ta nuna wannan jadawalin a fili ba, ba na ma tambayar kuɗinsa.

Na biyu ya fi ban sha'awa. Katin girafik ba ya shan wuta a jere kamar ƙwan lantarki. Wat 200 ɗin nan matsakaicin lissafi ne. Idan wasa ya buɗe sabon fili mai tarin abubuwa, dubban ƙananan sassan katin kan farka lokaci guda, sai jan wutar ya yi tsalle na wani ɗan mitsitsin lokaci da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, wani lokaci ya doshi ninki biyu. Mitar da ake maƙalawa a soket ba ta ganin wannan tsallen, amma na'urar kariyar da ke cikin fawa saflai tana gani, sai ta ɗauka matsala ce ta yanke wuta. Kana tsakiyar wasa allo ya yi ɗif, ko kwamfutar ta sake tashi da kanta, ba wani saƙon kuskure. Katunan RTX 3080 da 3090 da suka fito a 2020 sun yi ƙaurin suna a kan haka. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙa'idar ATX 3.0 ta 2022 ta shar'anta cewa fawa saflai da ya haura wat 450, mai sabuwar wayar katin girafik, dole ya jure ninki biyu na ƙarfinsa na tsawon kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa. Saboda haka in sabon kati za ka sa, nemi wanda aka rubuta ATX 3.0 ko 3.1 a jikinsa.

Shi ke nan sai a sayi na wat 1,000 a huta? Ba zai cutar da komai ba. Fawa saflai ba ya ɗura wa kwamfuta wuta, abin da ta nema kawai yake bayarwa, don haka ba zai cinye maka yunit ɗin mita don girmansa ba. Asarar kawai ita ce kuɗin da ka biya na ƙarfin da ba za ka taɓa amfani da shi ba. Na wat 650 mai inganci ya fi na 1,000 da ba a san asalinsa ba.

Sai tambarin 80 PLUS, wanda aka fara a 2004. Abin da yake aunawa shi ne kashi nawa na wutar soket ke isa ga kwamfuta, nawa ke zama zafi. A gwajin bolt 115, a rabin nauyi, mai Bronze dole ya kai kashi 85, mai Gold kuma kashi 90. Ga kwamfutarmu mai wat 350, na farko zai ja wajen 412 daga bango, na biyu 389. Bambancin wat 23 ne, wanda in kana wasa awa huɗu kullum bai kai yunit uku a wata ba. Wanda ke kan batir da inbata zai fi jin wannan bambancin. Amma a kula fa, tambarin bai ce komai a kan ingancin kayan ciki ko kariya ba. Wannan sai a takardar bayanan kayan za ka gani, inda ake jera OVP da OCP da SCP da OTP, wato kariya daga hauhawar bolt, da jan wuta fiye da kima, da haɗewar waya, da zafi. Tsawon garanti ma alama ce: kamfanin da ya yarda ya ba da shekara bakwai ko goma ya san abin da ya zuba a ciki.

Akwai kuma abin da masu sharhin Turai ba su cika damuwa da shi ba, amma mu dole ne. Zafi na farko. Ƙarfin da aka rubuta an auna shi ne a wani ma'aunin zafi, masu kyau a digiri 40 ko 50, masu arha wani lokaci a 25 ko 30. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, ɗaki marar AC kan doshi 40 tun kafin a kunna komai. Kafasitocin da ke ciki kuwa, ƙiyasin injiniyoyi shi ne duk ƙarin digiri 10 na rage rabin rayuwarsu. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Don haka barin sarari a lissafin wat ya fi muhimmanci a wajenmu.

Sannan wutar kanta. Wanda aka rubuta 100–240V yana iya ci gaba da aiki ko an kawo lo kuran. Wasu masu arha 200–240V kawai suke karɓa, da wuta ta yi ƙasa sai su mutu. Idan kuma na hannu ne da aka shigo da shi daga Amurka, duba bayansa ko akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230. In yana kan 115 ka jona shi a soket ɗinmu, ƙara ɗaya za ka ji. Idan aka ɗauke wuta, kafasitocinsa na riƙe kwamfutar na wajen kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa kawai, don haka inbatar da ke jinkirin karɓar aiki ba za ta hana ta mutuwa ba, sai an sa ta a tsarin UPS in tana da shi. Wasu fawa saflai na zamani kuma ba sa shiri da ƙananan UPS masu fitar da wuta mai tudu-tudu kamar matakala, sun fi son mai santsi irin wadda masu harkar sola ke kira fiyo sain. UPS ɗin da aka rubuta 650VA ma galibi bai wuce wat 400 ba.

Wayoyi su ne na ƙarshe da za a duba kafin a biya kuɗi. Kowace waya mai baki 8 ta katin girafik an tsara ta ne a kan wat 150, ramin madabod kuma na ba da 75. In katinka mai jan wuta ne kuma yana da ramuka biyu, ja masa waya biyu daban-daban daga fawa saflai maimakon guda ɗaya mai reshe. Sabuwar wayar nan mai baki 16 tana ɗaukar har wat 600, kuma a ƙarshen 2022 an samu rahotannin narkewarta a katunan RTX 4090, inda Nvidia ta danganta yawancinsu da rashin tura filogin har ƙarshe. Tura shi har ya zauna ba giɓi. Idan fawa saflai ɗinka irin wanda ake cire wa wayoyi ne, kada ka ari wayar wani samfurin ko da bakin ya shiga daidai, domin jerin wayoyin a ɓangaren fawa saflai ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma bolt 12 na iya faɗawa inda bolt 5 ya kamata ya je. Kada kuma ka kwance murfinsa da sunan share ƙura: babban kafasitan da ke ciki na aiki a kusan bolt 400, kuma yana iya riƙe caji bayan an zare filogi. Busa iska ta ramukan fanka ya wadatar.