Farfelar Ja da Farfelar Gudu: Wacce Ta Dace da Jirgin Masunci?

Jirage biyu masu girma ɗaya da inji iri ɗaya za su tashi daga bakin ruwan Yawuri a lokaci guda, ɗaya ya riga ɗaya isa wurin su, ya kuma dawo da sauran mai a jarka. Sau da yawa wanda aka bari a baya yakan ɗora wa inji laifi, ya kai shi wurin makanike a canja fulogi, a wanke kafireto, alhali matsalar tana ƙarƙashin ruwa. Farfelar da ya ɗaura ce ba ta dace da nauyin jirginsa ba.

A jikin kowace farfela akwai lambobi biyu da aka buga, misali 11 1/8 x 13. Ta farko faɗin da'irar da fukafukanta suke zagayawa ne, da ma'aunin inci. Ta biyu takunta ne, wato nisan da za ta tura jirgi gaba a juyi ɗaya da a ce ruwa ba ya zamewa. A kan lambar nan ta biyu ake rabuwa. Injin Yamaha Enduro mai doki 40, wanda masunta da masu fito suka sani tun daga tafkin Kainji zuwa Baga a tafkin Chadi har Yeji a bakin tafkin Volta, yana karɓar mai taku 11, da mai 13, da mai 15. Mai gajeren taku ita ce farfelar ja, mai dogon taku kuwa ita ce farfelar gudu.

Farfelar gudu tana da farin jini, kuma da dalili. Idan jirgi siriri ne, mutum biyu ne a ciki, kayan aikin ba su wuce ƙugiyoyin mamari da 'yar koma ba, kowane juyi yakan ci ruwa mai nisa. Jirgin ya ɗaga hanci ya miƙe, inji bai gaji ba, mai bai zube ba. Wanda yake tafiya mai nisa don duba ƙugiyoyinsa, ko yake son kai ɗanyen kifi kasuwa kafin rana ta yi, yana cin ribarta.

Amma a loda wa jirgin nan taru jiƙaƙƙe, da mutum shida, da kwandunan tarwaɗa da karfasa, sai labari ya sha bamban. Kamar babbar mota ce da ta cika da kaya, direba ya nufi tudu da giyar ƙarshe: ana ta taka totur, motar tana nishi, ba ta ci gaba. Kamfanin ya ƙera injin nan ne don ya yi juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti ɗaya idan an buɗe masa wuta duka. Farfela mai dogon taku a ƙarƙashin nauyi takan danne shi ƙasa da haka. Sai ya yi zafi, fulogi ya yi baƙi, dauɗa ta taru a kan fistan, mai ya riƙa ƙarewa ba tare da an ga amfaninsa ba. Ɓarnar ba ta bayyana rana ɗaya, shi ya sa ba a cika danganta ta da farfela ba.

Farfelar ja ba ta da wannan cuta. Takunta gajere ne, fukafukanta kuma sukan ɗan fi faɗi, saboda haka tana kama ruwa da kyau tun daga tashi. Tana barin inji ya yi juyinsa yadda aka tsara masa ko da jirgi ya cika maƙil. Ita ce ke iya haura kogin Kwara lokacin da ruwa ya kawo, ita ce ke ratsa ciyayin tafkin Chadi a hankali ba tare da inji ya mutu ba, kuma da ita ake jin daɗin juya jirgi a wurin ɗaga raga. Aibinta yana fitowa ne idan jirgi babu komai. A nan inji yakan yi ta ihu, juyinsa ya zarce iyaka, gudun kuma bai taka kara ya karya ba. Wannan ma yana cin inji. Sai dai maganinsa yana hannun mai tuƙi, domin da ya sassauta totur an wuce wurin. Injin da farfela ta danne kuwa babu yadda za a yi da shi a tsakiyar ruwa, sai dai a rage kaya.

Bambancin nan ne ya sa farfelar ja ta fi zama abokiyar masunci. Jirgin su yana fita da sauƙi ne, ya dawo da nauyi, kuma ranar da aka yi sa'a ita ce ranar da inji ya fi shan wahala. Don haka a gwada farfela da irin lodin da aka saba dawowa da shi. Makanikai suna da ɗan agogon da ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi ya nuna juyin inji. Idan an buɗe wuta duka aka ga bai kai 4,500 ba, a rage taku. Kowane inci ɗaya da aka rage yana ƙara juyi wajen 150 zuwa 200, wato daga mai 15 zuwa mai 11 za a samu ƙarin 600 zuwa 800.

Ko wacce aka zaɓa, a ruwan da ke da kututture irin na Kainji da Volta, inda madatsun ruwa suka nutsar da dazuzzuka, ta alminiyum ta fi ta baƙin ƙarfe rufin asiri. Idan ta daki itace ita ce ke lanƙwasa, giyar inji ta tsira, kuma kuɗinta bai kai na ɗayar ba.

Mai sana'a biyu, su da safe da jigilar fasinja ranar kasuwa, ya ajiye duka biyun tare da noti da fil na ko-ta-kwana, tunda canjin bai wuce aikin 'yan mintoci ba. Wanda kuɗinsa na guda ɗaya ne, kuma taru ne abincinsa, ya sayi mai gajeren taku.