Ko Kun Sani? Tabon da Ba Ya Jin Taɓi

Ko kun san cewa da ɗan audugar da bai kai kan yatsa ba ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibitin unguwa zai iya zargin kuturta tun kafin ta taɓa yatsu? Kyasfi da makero, da suka zama ruwan dare musamman lokacin zafin Sakkwato, naman gwari ke kawo su, kuma fatar wurin tana ji idan an taɓa ta. Tabon kuturta kuwa kan yi haske ko ja-ja, ba ya ƙaiƙayi, kuma idan mutum ya rufe ido aka shafa masa audugar a wurin, sau da yawa ba zai san an taɓa shi ba.

Abin takaici, wannan rashin ciwon ne ke sa a yi sakaci, ana ta shafe-shafen mai har jijiyoyi su lalace. Alhali kuturta tana warkewa sarai. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da haɗin magungunanta kyauta, a sha wata 6 ko wata 12, kuma wanda ya fara sha ya daina yaɗa ta. Asibitin Amanawa, a ƙaramar hukumar Dange-Shuni, ya daɗe yana kula da masu ita tun zamanin Turawa.