Famfon garke: a tanadi roba tun da kaka

A ƙungiyarmu ta makiyaya a Maijirgi, ni ke riƙe da akwatin kayan gyaran famfo. Abin ciki ba yawa: robar silinda, sarƙa, kusoshi da giris. Amma famfo irin India Mark II, galibi waɗannan ƙananan abubuwa ne ke tsayar da shi, kuma ba ya tashi tsayawa sai a watan Afrilu, tabkuna sun ƙafe, saniya ɗaya na shan lita 30 zuwa 40 a rana.

Ranar nan sai a je Tasawa, a rasa, a aika Maraɗi. Kafin kaya su iso, garke ya koma rijiyar wasu, awaki su cuɗanya da baƙi su kwaso cuta, ga faɗan layi. Nono kuwa ya ja baya tun kwana na biyu.

Shi ya sa muke saye tun da kaka, lokacin da kowa ya sayar da wake, akwai 'yan kuɗi a aljihu. Sarƙa tana samun giris duk wata. Makaniki kuma ya zo ya ciro bututu, ya canja roba kafin bazara, ko da ruwa na fita lafiya lau.