Firez da ban ruwa ɗigo-ɗigo: yadda ake ba shuka taki cikin ruwan shanta

Ƴan uwa manoman rani, wanda ya taɓa ratsa kasuwar Wagadugu a tsakiyar ɗari ba zai rasa ganin wasu ƙananan ƴaƴan lambu jajaye wur, masu ƙamshi, waɗanda ake sayarwa da tsada ba. Su ne ake kira firez. Manoman unguwar Bulmiyugu sun daɗe suna noma su, kuma har ƙasashen maƙwabta ake kai su. Abinci ne mai amfani ga jiki, domin a giram 100 na firez akwai bitamin C kusan miligiram 60, wato ya ɗan ɗara na lemun zaƙi. Amma shuka ce mai shagwaɓa. Ba ta son zafi, ba ta jure ƙishirwa, kuma taki ɗan kaɗan da ya wuce kima yana iya ƙone ta.

Manyan gonakin firez na kasuwanci suna nesa da mu. Akwai su a lardin Huwelba na kudancin Sipaniya, inda fiye da kashi 90 cikin 100 na firez ɗin ƙasar ke fitowa, akwai su kuma a yankunan Lukos da Garb na arewacin Maroko. Abin da ya sa na ga ya dace mu leƙa can shi ne ƙasarsu. Rairayi ce, kamar jigawarmu, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Dabarar da suka samo ta magance wannan matsala ita ce narkar da taki cikin ruwa, a tura shi gindin shuka ta hanyar tiyo mai ɗigo.

Me ya sa ba a watsa takin da hannu?

Saiwar firez gajera ce. Mafi yawanta ba ya wuce santimeta 30 a cikin ƙasa. Idan manomi ya zuba taki da yawa a rana ɗaya, ya bi shi da ruwa mai yawa, to abu biyu ne za su faru. Da farko gishirin takin zai ƙone ƙananan saiwoyi. Daga baya ruwa zai wanke sauran ya kai shi can ƙasa, inda saiwa ba ta isa. Shuka ta sha wuya sau biyu ke nan, kuɗin manomi kuma sun bi ruwa.

A gonakin Huwelba da Lukos ana tayar da kunya mai tudu, a shimfiɗa tiyo a kanta, a lulluɓe da baƙar leda, sa'an nan a huda ledar a dasa layi biyu na firez. Tiyon yana da ƙananan ƙofofi a kowane santimeta 20 ko 30, kowace ƙofa tana ɗiga kamar lita 1 a awa. Tun da leda ta rufe ƙasa, babu sauran hanyar da taki zai kai ga saiwa sai ta cikin tiyon. Saboda haka takin da shuka za ta ci a tsawon shekarar noma sai a kasa shi ƙanana-ƙanana, a riƙa ba ta kusan kowace rana, tun daga dashe wajen watan Oktoba har ƙarshen tsinka a Mayu ko Yuni. Ruwan da ke isa gindinta tsararo ne: galibi takin da ke ciki ba ya wuce giram 1 a kowace lita. A tano mai cin lita 200, giram 200 ne iyaka.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a gare mu. Manoman hatsi da yawa sun san dabarar nan ta saka ɗan tsunkulen 15-15-15, giram 6, a ramin shuka maimakon watsa buhu a gona. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, suna cikin waɗanda suka gwada ta, kuma a can ne aka yi aikin garkar nan mai tano da tiyo mai ɗigo a farkon shekarun 2000. Bambancin kawai shi ne mai firez yana maimaita tsunkulen nasa kullum.

Abincin yana sakewa da girman shuka

Bayan dashe, shuka tana buƙatar fosfor domin ta kafa saiwa, da ɗan azot domin ganye. Da ta fara fure da ƴaƴa, sai a ƙara potas, wanda ke kawo zaƙi da launi, tare da kalsiyom mai ƙarfafa naman ɗan. A nan ne masu gaggawa ke yin kuskure. Ure tana da azot kashi 46 cikin 100, tana narkewa sarai, tana kuma sa ganye ya yi kore shar cikin ƴan kwanaki, sai manomi ya ga kamar ya ci riba. Ina! Ganye zai yi duhu, fure ya ragu, ƴaƴan su fito da laushi, ba zaƙi, su kama funfuna tun kafin su isa kasuwa. Mai saye kuwa ɗan yake biya, ba ganyen ba.

Shuka tana faɗin damuwarta ga mai lura. Idan bakin sabon ganye ya ƙone ya yi baƙi, kalsiyom ne bai isa wurin ba. Idan sabon ganye ya yi ɗorawa amma jijiyoyinsa suna nan kore, ƙarfe ne ya gaza, kuma sau da yawa laifin ruwa ne mai kanwa. Firez tana son ƙasa mai ɗan tsami-tsami, tana kuma cikin shuke-shuken da suka fi ƙin gishiri. Shi ya sa ba a ba ta potas mai kulorur, sai mai nitrat ko mai sulfat. Wanda rijiyarsa ke da ɗanɗanon kanwa, kamar yadda ake samu a wasu wurare na Dallol Boso, gara ya kai ruwan a auna kafin ya sayi ko da mita ɗaya na tiyo.

Abin da ke toshe tiyo

Ƙofar ɗigo ba ta kai kan ashana girma ba, kuma duk abin da bai narke ba a nan zai maƙale. Na taɓa ganin haka da idona a wata garka da na biya a lokacin rangadi. Mai garkar, mutum mai ƙwazo, ya jiƙa 15-15-15 na buhu a cikin tanonsa, ya motsa, ya buɗe pampo. Kafin mako biyu rabin ƙofofin sun daina ɗiga, tumatirinsa na bakin layi yana ninƙaya, na ƙarshen layi yana bushewa. Wannan taki an yi shi ne domin a turbuɗe a ƙasa, yana barin laka a gindin tano. Na tiyo daban yake, gari ne mai narkewa ƙaf, kuma ya fi tsada. A ganina wanda ba shi da halin sayensa ya fi masa alheri ya turbuɗe takin gargajiya ruɓaɓɓe da 15-15-15 kafin dashe, ya bar wa tiyo ure da sauran masu narkewa kawai.

Ko masu narkewar ma ba duka ake gama su ba. Idan takin kalsiyom ya haɗu da mai fosfat ko mai sulfat a ruwa mai kauri, sai su zama farin gari kamar alli. Don haka manyan gonaki ke ajiye randa biyu, kalsiyom a ɗaya, sauran a ɗaya, ba sa gamuwa sai a cikin ruwa mai yawa. Ƙaramin manomi yana iya ba da wannan yau, wancan gobe. Kafin ka gama taki biyu da ba ka sani ba, gwada su a kwalba ka bari su kwana. In ka ga gari ya kwanta, kada ka zuba a tano. A kowane ban ruwa kuma, fara da ruwa zalla har tiyo ya cika, sa'an nan mai taki, ka rufe da ruwa zalla domin ya wanke hanya. Matacin da ke bakin tano a riƙa wanke shi a kai a kai.

Akwai wani gefe na lafiya da bai kamata a ɓoye ba. Ɗigo yana tsimin ruwa, amma idan gonaki suka yi yawa ƙasa tana gajiya. A Huwelba, gonakin firez suna jan ruwa daga ƙarƙashin gandun dajin Doñana, har a 2020 hukuma ta bayyana cewa ana ɗibar wani sashe na ruwan fiye da kima, kuma a 2022 babban tafkin gandun ya ƙafe. Azot ɗin da shuka ba ta ci ba shi ma ba ɓacewa yake yi ba, yana gangarawa cikin ruwan ƙasa ya zama nitrat. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a litar ruwan sha, domin yana hana jinin jarirai ɗaukar iska yadda ya kamata. A garake da yawa na ƙasarmu ruwa yana kusa, mita kaɗan ne, kuma rijiyar da ake ban ruwa da ita, daga ita ce uwar gida ke cika tulunta in za ta koma gida da maraice.