Kula da Tirela: Ayyukan da Direba Zai Iya Yi da Kansa

Kamar yadda jama'a suka sani, yawancin hatsi, dabbobi, siminti da takin zamani da ke shiga ko fita daga jiharmu a kan tirela ake ɗaukarsu. Don haka muke jan hankalin direbobi da masu motoci cewa akwai ayyukan kulawa waɗanda ba sa buƙatar bakanike, illa ido da hannu da 'yan mintoci kafin a tashi daga tasha.

Mu fara da birki. Birkin tirela da iska yake aiki, kuma iskar da ake matsawa cikin tankuna tana tara ruwa, musamman da damina. Ruwan nan shi ke haddasa tsatsa, ya kuma lalata hanyoyin iskar sannu a hankali, ba tare da direba ya ankara ba sai ranar da ya taka birki a gangare. Wajibi ne a buɗe mazubin da ke ƙarƙashin kowane tanki kullum har ruwan ya tsiyaye. Idan aka gan shi gauraye da baƙin mai, to injin matsa iskar ne ya fara samun matsala, sai a nemi bakanike.

Bayan haka sai a gwada ko iska na zurarewa. A sa waigi a tayoyi, a cika tankuna, a kashe inji, a saki birkin tsayawa, sannan a taka birki a riƙe tsawon minti guda ana kallon geji. Ƙa'idar da ake koya wa direbobi a Amurka ita ce kada kai da bodi a haɗe su rasa fiye da fam 4 a wannan minti. A kuma kasa kunne wajen robobin iska biyu da ke tsakanin kai da bodi, domin sau da yawa nan ake samun yoyo.

A nan muna da gargaɗi mai ƙarfi: kada kowa ya kwance tukunyar birki da ke kusa da tayoyin baya. Akwai sifirin a matse cikinta wanda idan ya fizgo zai iya hallaka mutum nan take.

Game da taya, a auna iskarta da geji tun tana da sanyi. Bugun ta da ƙarfe, kamar yadda yaran mota suka saba, ba ya nuna gaskiyar awo. Inda tayoyi ke bibbiyu, idan ɗaya ta rage iska, 'yar'uwarta ce ke ɗaukar nauyin har ta yi zafi ta fashe. A cire duwatsun da suka maƙale tsakaninsu. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a jikin taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 1523 na nufin mako na 15 a shekarar 2023. Duk notin da aka ga zanen tsatsa na fita daga gindinsa, ya saki. Haka kuma bayan canza taya, a tsaya a sake ɗaure notuna idan an ɗan yi nisa.

Farantin da bodi ke hawa a kan kai yana buƙatar giris, amma a fara kankare tsohon, domin ƙurar hunturu kan mayar da shi tamkar yashi. Bayan an haɗa, a leƙa da tocila a tabbatar maƙullin ya kama ƙusar haɗin, kuma babu tazara tsakanin farantin da bodi. Daga nan direba ya kunna fitilun birki da sigina, yaron mota ya zagaya baya ya duba su ɗaya bayan ɗaya.