Barin Nama Ba Ya Hana Hanta Aikinta

Akwai mutanen da suka ƙaurace wa nama da kifi da ƙwai da nono, abincin tsirrai kaɗai suke ci. Irinsu kan yi mamaki idan likita ya rubuta musu maganin rage kolestarol, watau maiƙon nan da kan taru a jijiyoyin jini har ya jawo ciwon zuciya. Ai daga abincin dabba ake samunsa, to ta ina ya shigo?

Amsar tana cikin hanta. Mafi yawan kolestarol jiki ne ke ƙera shi da kansa. Hanta ce babbar masana'antarsa, ita ce kuma ke kwashe rararsa daga jini. Kimanin mutum 1 cikin 250 kan gaji raunin wannan kwashewa daga iyaye, kuma gyaran abinci kaɗai ba ya isarsu.

A nan magungunan statin ke shigowa. Akira Endo, masani ɗan Japan, ya gano na farkonsu a jikin funfuna cikin shekarun 1970, sannan Amurka ta amince da lovastatin a 1987. Aikinsu shi ne rage saurin wannan ƙira ta hanta.

Tsirrai ma ba duka ke da sauƙi ba. Manja da man kwakwa na ƙara kolestarol, garehul kuwa na sa simvastatin ya taru a jini fiye da kima.

Saboda haka wake da ganye mataimaka ne. Dakatar da magani kuwa hukuncin likita ne, bayan gwajin jini.