Masu Gani da Hannu: Nutso da Su a Kogin Yamai

Kafin a kira assalatu a unguwar Gamkalle ta Yamai, wasu tuni sun jiƙe. A bakin kogin da Zabarmawa ke kira Isa, Hausawa kuma Kwara, wani na kwance igiyar kwalekwale, wani na naɗe wando zai shiga da ƙafa. Da yawansu Sarkawa ne da suka gaji su iyaye da kakanni, wasu kuma zuriyarsu ta biyo ruwa ne daga Kabi da Yawuri da ƙasar Mali. Dukansu masunta ne, amma akwai 'yan kaɗan da ake aikawa a kira idan aiki ya koma ƙarƙashin ruwa. Su ne masu nutso.

Ƙasan kogi ba shimfiɗaɗɗiyar tabarma ba ce. Akwai duwatsu, akwai kututturan da ambaliya ta jawo, akwai gurabu masu zurfi. Taru kan sarƙe, mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi kan maƙale. Raga kuwa ita ce jarin masunci, idan ya fizge ta da ƙarfi ya yaga abincin wata guda. Dole wani ya cika ƙirji da iska, ya sauka, ya warware ta ƙulli bayan ƙulli. Ba shi da tulun iska, ba shi da tabarau, ko da ma yana da shi ba abin da zai gani. A watannin Agusta da Satumba, lokacin da kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ke kwararo jar ƙasa, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Yatsu ne idanunsa.

Masu wannan aiki sun rabu gida biyu, kowane gida da hujjarsa. Na farko su ne masu shiga ta gaɓa. Kakarsu ita ce ƙarshen rani, Mayu zuwa Yuni, sa'ad da ruwa ya janye, tsibiran yashi suka fito. Mai shiga ta gaɓa ba ya gaggawa. Tafin ƙafarsa ke karanta masa ƙasa: nan laka, nan tsakuwa, nan gangara. Yakan fuskanci inda ruwa ke fitowa, don dagwalon da ya tayar ya wuce bayansa, kuma idan ya gaji ruwan ya taimaka masa komawa. Da ya kai wuya sai ya nutse, ya zura hannu ƙarƙashin dutse yana lalube. Da taɓawa yake bambance santsin tarwaɗa da ƙayar ƙurungu, da taɓawa kuma yake gane minjirya, sai dai ita takan riga shi gaisuwa, hannu ya mutu har kafaɗa. Hujjarsa ita ce ba bashin jirgi a kansa, ba abokin rabo, kuma ya san hanyar fita tun da ta nan ya shigo.

Gida na biyu su ne masu sauka daga kwalekwale. Su biyu suke fita. Ɗaya ya kafa gwangwala ya riƙe jirgi, ɗaya ya bi igiya zuwa ƙasa. Na sama idonsa na kan ruwa, hannunsa na kan igiya, da motsinta yake sanin halin da ɗan'uwansa ke ciki. Waɗannan kan ce mai shiga ta gaɓa yana ƙarar da ƙarfinsa kafin ya isa wurin aiki, kuma manyan kifaye irin giwan ruwa da yauni ba sa zama inda yara ke wanka. Suna kuma da maganar da ba a musunta ta: idan ƙafa ta harɗe a raga, wanda ke da mutum a sama shi ake cirowa.

Irin wannan saɓanin har a teku akwai shi. Tun 1943, da Bafaranshen nan Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska daga tulun da ake goyawa, nutso da ita ya zama sana'a da abin yawon buɗe ido. A garin Dahab na Masar, bakin Bahar Maliya, ana shiga da ƙafa zuwa duwatsun murjani. A can ma wasu kan yi iyo a sama har su kai kan murjanin don tattalin iska, wasu kan nutse tun daga gaɓa su bi ƙasa don guje wa igiyar ruwa. Bambancin shi ne su kallo ya kai su, cikin ruwa garau kamar madubi. Na Yamai abinci ya kai shi.

Kafin kifi ya zama kuɗi, kuɗi ya riga ya fita. Kwalekwalen katako sai an liƙe shi duk shekara. Ragar roba da ƙugiyoyi da darmar da ke nutsar da birgi duk saye ake yi, galibi daga Najeriya. Akwai takardar izinin su daga ma'aikatan gandun daji. Mai inji kuma ga kuɗin mai. Wanda ba shi da hali yakan karɓi raga bashi daga hannun 'yar kasuwar da ke sayen kifinsa, da sharaɗin ita zai fara kai wa. Nan ne ribar ke tsukewa, don mai bin ka bashi ba ka yi masa tsada.

Da hantsi mata na jira a bakin ruwa da robobinsu. Ciniki da dala da jaka ake yinsa, babba a kan sikeli, ƙanana kashi-kashi. Giwan ruwa ya wuce otal-otal da gidajen abinci, karfasa ta faɗa kaskon suya, tarwaɗa ta hau banda idan ba ta samu mai saye da rai ba. Saura a zuba musu ƙanƙara a nufi kasuwar kifi ta Djémadjé. A can kifin kogi ke gogayya da daskararren kifin teku da ake shigowa da shi cikin kwali, wanda ya fi araha. Mai nutson da ya ceto ragar wani yakan samu rabonsa cikin kamun ranar. Idan kuwa gawar wanda ruwa ya ci aka kira shi ya nemo, wannan aikin lada ne.

Wahalar sana'ar a jiki take zama. Ambaliya ta biyu bayan ta damina, wadda ke tasowa daga tsaunukan Gini, tana isowa Yamai ne tsakanin Disamba da Fabrairu, tsakiyar ɗari, mutum ya fito haƙora na kaɗawa. Zurfi na danne kunne, tsargiya na bin masu yawan zama cikin ruwa. Dorina mai ɗa ba ta wasa, kifar da jirgi take yi. Rashin tsaro a yankin Tillaberi kuma ya taƙaita tafiye-tafiyen su da aka saba yi.

Amma abin da ya fi tayar wa dattawan sana'ar hankali shi ne yashi. Ƙoramu na zubo shi duk damina, yana cike guraben da kifi ke fakewa. Tsofaffi ba su manta 1985 ba, shekarar da kogin ya daina gudu a Yamai, matasa kuma sun ga 2020, da ruwa ya ci unguwanni. Ga masu jan raga mai ƙananan idanu, suna kwashe har 'ya'yan kifi. Gurbin da uba ya nuna wa ɗansa, ɗan ya koma ya tarar ruwan iya gwiwa.

Saboda haka ba a gama koyon ƙasan Isa. Kowace shekara, da ruwa ya sauka, mai shiga ta gaɓa da mai sauka daga jirgi sukan koma su sake lalube daga farko, su gano inda dutse ya binne da inda sabon rami ya buɗe. Da yamma, wurin ɗinkin raga, kowa ya gaya wa ɗan'uwansa abin da hannunsa ya gani.